Jirgin Dutse Bai Taɓa Makara Ba

Ɗan yayata da ke karatu a Landan ya kira ni ran nan, murya a shaƙe kamar wanda aka yi wa rasuwa. Na ce lafiya? Ya ce, "Kawu, wallahi garin nan ya ishe ni. Yau minti 12 na yi a tsaye a ƙarƙashin ƙasa ina jiran jirgi. Da ya zo kuma sai ya tsaya da mu a cikin rami, sai da na rasa farkon lacca." Na yi masa jaje yadda ya kamata, na ce Allah ya sa kaffara ne, Allah ya kiyaye gaba. Bayan na ajiye wayar tausayin yaron ya kama ni, na kuma ƙara gode wa Allah da ya yi ni mutumin Dutse, garin da jirginsa bai taɓa makara ba ko da daƙiƙa ɗaya.

Ba cika baki nake ba, a je a bincika. Babu mahaluƙin da zai ɗaga hannu ya ce jirgin Dutse ya taɓa sa shi rasa lacca ko ɗaurin aure ko jana'iza. Bai taɓa tsayawa da kowa a daji ba. Bai taɓa sauka daga kan dogo ba, ko akuya bai taɓa takewa ba, kuma ba a taɓa yanke wa kowa aljihu a cikinsa ba. Ran 29 ga Mayun 2023, da aka ce tallafin mai ya tafi, kowane abin hawa a ƙasar nan ya ninka kuɗinsa, daga acaɓa har jirgin sama, amma jirginmu ko kwabo bai ƙara ba. Na san masu hassada za su ce ai don bai fara tafiya ba ne. Irin waɗannan mutanen ko amarya aka kawo musu sai sun ce lallenta bai kama ba.

Dubi dai wahalar da garaje ya jawo wa wasu. Mutanen Landan tun 1863 suka haƙa rami suka zura jirgi a ciki, yau fiye da shekara 160 ke nan suna fama da shi. Abin ya kai in jirgi ya ɓata maka minti 15, sai ka nemi hukuma ta mayar maka da kuɗinka, ita kuma don rashin sanin darajar kanta sai ta mayar. A New York sun buɗe nasu a 1904, ya yi ta tsufa yana tsaye-tsaye da mutane a duhu, har a 2017 gwamnan jihar ya kafa masa dokar ta-ɓaci. Mafi ban tausayi su ne mutanen Japan. A 2017 ɗin dai wani kamfanin jirgi a can ya fito ya ba jama'a haƙuri, wai don jirginsa ya tashi daƙiƙa 20 kafin lokaci. Daƙiƙa 20, jama'a! Ko gaisuwar kirki ba a gama ba, ba a kai ga tambayar iyali ba. Duk wannan tozarci ya same su ne saboda kuskure ɗaya: sun gina jirgin. Da sun yi shawara da mu, da mun gaya musu wanda ba shi da jaki ba ya kwana da fargabar kura.

Namu jirgin ɗan gidan girma ne, da tsari ya zo. Ran 9 ga Fabrairun 2021 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kan kuɗi kusan dala biliyan 2, aka danƙa aikin ga kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal. Don kada mu ce an manta da mu, aka ce za a yi reshe daga Kano ya biyo ta Gaya ya shigo Dutse. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka yi bikin. Jama'a sun taru a jihar Katsina, shi kuwa shugaban yana Abuja, ta allon bidiyo ya ƙaddamar. Tun ran nan na gane irin jirgin da Allah ya ba mu. Wanda aka raɗa wa suna ta allo, ai ba za a yi mamaki ba in ya girma a allo. Muna ganinsa a labarai, fari tas, kujeru a jere, ba ƙura ba tsatsa. An ce wata 36 za a gama. Watannin sun cika sun tumbatsa, aka sa wata ranar, ita ma ta zo ta gaishe mu ta wuce. Wanda bai san kan abin ba sai ya ce an saɓa alƙawari, alhali kuwa ƙara mana aka yi. Sau ɗaya ake buɗe jirgi a yi murna a gama, amma albishir ana iya yin sa kowace shekara, kuma kowane da tukwicinsa.

Tsofaffi masu son tona zance sukan ce wai Turawa sun ja dogo daga Baro zuwa Kano tsakanin 1907 da 1911, da diga da kwando, ba katafila ba tifa. Gaskiya ne, kuma kakanninmu ne suka ɗauki ƙasar a ka, da yawa bisa tilas, abin da ba wanda zai so ya dawo. Sukan ƙara da cewa zuwa 1930 dogo ya ratsa ƙasar da yau ake kira Jigawa, ta Ringim da Malam Madori har Nguru. Wannan ma haka ne. Abin da suke mantawa shi ne ba don mutum aka yi wancan saurin ba, don auduga da gyaɗa aka yi. Gyaɗa ba ta da tarbiyya. In ka bar ta a ƙasa damina ta same ta sai ta ruɓe, ga jirgin ruwa yana jiranta a Ikko, ga 'yan kasuwar Ingila suna ƙirga kwanaki. Mutumin Jigawa kuwa ba ya ruɓewa. Ka ajiye shi a bakin titi tun hantsi, ka dawo la'asar, za ka same shi yadda ka bar shi, har ya yi maka sannu da zuwa. Hukuma ta san bambancin kayan da ke lalacewa da wanda ba ya lalacewa, shi ya sa ta ba kowa matsayinsa.

Ba mu kaɗai Allah ya yi wa wannan baiwa ba. A 2016 gwamnatin Kano ta sa hannu da 'yan China kan jirgin cikin gari na dala biliyan 1.85, layi huɗu. Shi ma, masha Allah, har yau bai taɓa makara ba. 'Yan uwanmu na Nijar sun ɗan fi mu zurfin tunani: an shimfiɗa musu dogo daga Yamai zuwa Dosso, an yi tasha, an yi bikin buɗewa a 2016, sannan aka bar ƙarfen ya huta, don kada zirga-zirga ta cinye shi. Abuja ce ta so ta ba da mu. A 2018 ta buɗe jirgin cikin gari, mutane suka fara hawa, ƙorafi ya fara tsirowa. Allah ya taimaka annobar korona ta zo a 2020 aka rufe, aka bar shi shekara 4 yana nazari, sannan aka sake buɗe shi a 2024. Jirgi ɗaya, walima biyu. Legas kuwa ta riƙe amana iya ƙoƙarinta, tun da aka soke jirgin tsohon gwamnanta Jakande a 1985, amma daga baya zuciya ta ɗebe ta, a watan Satumbar 2023 ta fara ɗaukar fasinja. Yanzu su ma sun shiga sahun masu duba agogo suna tsaki.

Kafin jirginmu ya ga dama, ba a bar mu haka ba. An bar mana tasha, kuma duk wanda ya raina tasha bai zauna a cikinta da zuciya ɗaya ba.

Dutse ta zama babban birnin Jigawa ran 27 ga Agustan 1991, kuma tun daga lokacin akwai ma'aikatan da ofishinsu ke Dutse, iyali na Kano. Na yi shekaru a cikinsu. Litinin da asuba ka fito, Juma'a ka koma. A cikin waɗannan shekarun ne na fahimci cewa tasha ta warware matsalar da ta gagari injiniyoyin Landan. Su sun rubuta lokaci a allo, jirgi ya kasa cikawa, rai ya ɓaci. Mu kuwa muka cire lokacin gaba ɗaya. Motar tasha ba ta tashi ƙarfe bakwai, ba ta tashi ƙarfe takwas. Tana tashi ne in ta cika. Ta yaya abin da bai yi maka alƙawarin lokaci ba zai makara?

Wata Litinin na isa tasha ana sallame sallar asuba. Tun daga bakin ƙofa ɗan kamasho ya karɓe mini jaka, yana cewa, "Alhaji, Dutse ne? Taho, taho, saura mutum ɗaya!" Ban taɓa zuwa Makka ba, amma a tasha kowa Alhaji ne, wannan ma wata karramawa ce da ba a samu a ƙarƙashin ƙasar Landan. Na leƙa Sharon ɗin, ga mutane zaune, kowa ya haɗe rai irin na matafiyi. Na biya, na shiga. Ban gama gyara zama ba sai na kusa da ni ya ce bari ya sayo kati, ya fita. Na bayansa ya ce zai kama ruwa. Wani ko uzuri bai bayar ba, ya buɗe ƙofa ya koma kan benci wajen mai shayi, aka miƙo masa kofinsa da ya bari da rabi. Kafin gari ya waye sosai mun rage mu biyu, ni da wani dattijo mai buhun barkono. Can sai na hango bayin Allahn nan sun cika wata motar, sun sake haɗe rai. Aikinsu ke nan, zaman cika mota, don kada baƙo ya zo ya ga kujeru wayam ya ji kaɗaici. Wace hukumar jirgi ce a duniya take ɗaukar ma'aikata musamman don ɗebe wa fasinja kewa?

Na ce da ɗan kamashon, "Malam, ba ka ce saura mutum ɗaya ba?"

Ya ce, "Haba Alhaji, ƙarya zan yi maka da girmanka? Ai ɗaya-ɗaya za su zo."

Na yi shiru, don ban taɓa jin lissafin da ya kai wannan tsabta ba. Ƙarfe tara saura muka cika: huɗu a layin da aka yi don uku, biyu a gaba ban da direba, na tsakiyar yana ɗaga cinya duk lokacin da za a sa giya. A jirgin Turai, in ji ɗan yayata, mutum zai yi shekara yana zama kusa da wani bai san sunansa ba. A nan kafin mu fita daga Mariri na san dattijon nan 'ya'yansa nawa, na san wanda ya cuce shi a gadon gona, na kuma san ƙashin kafaɗarsa fiye da yadda na san nawa. Barkonon ya sa muka yi ta atishawa tare, muna yi wa juna addu'a. Zumunci ya wuce haka?

Cikar mota kuma ba ita ce tashi ba, nan ma baƙo yakan yi kuskure. Sai mota ta cika direba yake da kuɗin mai, saboda haka gidan mai za a fara nufa. In da layi a bi, in babu mai a tsaya wajen 'yan bumburutu a ɗura galan biyu. Daga nan a tsaya wajen mai faci a ƙara iska, a tsaya karɓar saƙon wata Hajiya da za a sauke a Gaya, a tsaya a shinge direba ya sauka ya gaisa da masu shingen hannu a dunƙule, ya dawo yana murmushin da bai kai ciki ba. Hanyar ma an yi mana tanadi a kanta. Tun 2006 aka ba da aikin raba titin Kano zuwa Maiduguri gida biyu, kuma ɓangarenmu na Kano zuwa Wudil zuwa Shuwarin ya haura shekara 15 ana lallaɓa shi. Albarkacin haka direbobinmu suka ƙware a tuƙin hannun dama da na hagu a tafiya ɗaya, ilimin da sai mutum ya je ƙasa biyu yake samu. In kuwa ranar Juma'a ce, kasuwar Wudil na ci, to ka samu damar ƙare wa kowane sa kallo, ka san farashinsa, ba tare da ka sauka daga mota ba.

Ran nan mun wuce Gaya kaɗan motar ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Babu wanda ya firgita. Direba ya buɗe gaba, hayaƙi ya taso, ya ce, "Ba komai, lagireto ne ya sha ruwansa." Ya karɓi ledar ruwa uku daga hannun fasinjoji ya ɗura, muka zauna a gindin wata bishiya muna jiran inji ya huce. Ɗan yayata yana kukan an tsaya da shi a rami mai fitila da rufi. Mu da aka tsaya da mu a fili, ga iska, ga gonakin gero, ga duwatsu can nesa suna leƙo mu, sai dai godiya.

A motar akwai wata mata da yaro a cinya, ɗan shekara huɗu ko biyar, jikinsa zafi kamar garwashi. Daga wani asibiti aka turo ta wani, tana riƙe da takarda a cikin leda, an rubuta mata ta zo ƙarfe tara. Tun muna tasha take tambaya a hankali, "Direba, don Allah za mu kai kuwa?" Shi kuma yana cewa, "In sha Allahu, Hajiya, yanzun nan." A gindin bishiyar nan ta daina tambaya. Ta jiƙa gefen mayafinta da sauran ruwan da lagireto ya rage, tana shafa wa yaron a goshi. Da muka shiga Dutse ana kiran azahar, ta sauka ta tari adaidaita ba ta ce da kowa komai ba. Na tabbata likitan ya tashi, sai dai ta nemi inda za ta kwana ko ta sake biyan kuɗin mota wani makon. Amma a duba ribar da ta samu. Da jirgi ne ya kawo ta cikin awa guda, da ta ga likita ta koma gida da jahilcinta, ba ta koyi komai game da haƙuri ba. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Mu da garinmu ma sunansa Dutse, wa ya fi mu cancantar a ɗora mana tukunyar? Shekara fiye da 30 ke nan tana kan wuta, kuma duk wanda ya zo neman ƙuri'a yakan ɗaga murfin ya ce ya kusa nuna.

Ko a wajen aiki tasha ta rufa mana asiri. A Japan, in jirgi ya makara, sai an ba ma'aikaci takardar shaida ya kai wa maigidansa, don can ba a yarda da bakin mutum ba. Ni kuwa da na shiga ofis ran nan bayan azahar, na ce, "Yallaɓai, mota ce ba ta cika da wuri ba." Ya ce, "Sannu, ni ma yanzu na shigo." Mutanen da suka zo daga ƙauye tun safe da fayil a hannu suna zaune a baranda, su ma ba su ce komai ba, don su ma motar ce ta kawo su, sun san hali. Da jirgi mai lokaci zai zo, duk wannan fahimtar juna rushewa za ta yi. A fara tambayar mutum ina ya tsaya.

Shi ya sa hankalina ba a kwance yake ba 'yan kwanakin nan. Masu bin hanya suna cewa ana aiki, ana tara ƙasa, ana kafa gadoji, kuma manya suna ta zuwa duba aiki da hular kwano a ka. Ina roƙon hukuma, don girman Allah, ta yi hattara. Ranar da jirgin nan ya ɗauki fasinjan farko, ranar sunansa zai fara ɓaci. Zai makara, zai tsaya a daji, wani zai sace ƙarfen dogo, a fara rubuce-rubuce a Facebook. Mai shayin tasha da ya aurar da 'ya'ya biyu da kuɗin masu jira, ina za a kai shi? Masu zaman cika mota fa, wa zai ɗauke su aiki? Muna da misali a gida: filin jirgin saman da aka buɗe mana a 2014 yana nan tsaf, in ba lokacin alhazai ba ba ya cika damun maƙwabta da ƙara. Haka ake riƙon kayan gwamnati. In ma dole sai an kawo jirgin, to a taimaka a damƙa shi a hannun 'yan kamasho, kada ya motsa sai kowane tarago ya cika.

Jiya ɗan yayata ya sake kira, wai zai zo hutu. Ya ce zai sauka a Kano da rana, yana so ya tsara tafiyarsa tun yanzu, kamar yadda ya saba a can.

"Kawu, ƙarfe nawa motar Dutse take tashi?"

Na ce, "Kai dai ka taho, ɗana. Duk lokacin da ka iso, kai ne mutum ɗayan da ake jira."